ZANEN ARO A GABAN ALƘALI

Malam Edita, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a cikin wannan mujalla tamu mai farin jini, in yi magana a kan wani al'amari wanda na san wasu za su ce bai isa a ɓata masa tawada ba. Al'amarin kuwa shi ne tufafin da mutum kan sa ran da zai je gaban alƙali a kan shari'ar rabuwar aure. Na tabbata cikin masu karatu akwai wanda zai yi tsaki ya ce, "Ana ga yaƙi kana ga ƙura! Gida ya rushe, 'ya'ya sun watse, kai kuma kana zancen atamfa da shadda?" To, ɗan'uwa, yi haƙuri ka bi ni zuwa ƙarshe. Abin da nake so in nuna shi ne, mu Hausawa mun mai da tufafin zuwa kotu wata irin shaidar zur wadda ba a rantsar da ita, kuma waɗanda ke biyan kuɗin wannan ƙarya su ne mata da ƙananan yara.

Bari mu fara da tambayar wane ne ma ke zuwa kotu neman rabuwa. Namiji in ya gaji da aure ba ya bukatar sammaci. Kalma guda ta ishe shi, ko ya yagi takarda ya rubuta layi biyu ya ba yaro ya kai. Mace ce, in zama ya gagara kuma miji ya ƙi sakinta, dole ta ɗauki ƙafa ta je wurin alƙali, ko ta nemi hul'i, watau ta fanshi kanta, ko ta kai ƙarar cutarwa, ko ta rashin ci da sha. In ma an riga an rabu, ita ce dai za ta koma neman kuɗin ciyar da yara, ko kayan ɗakinta da aka riƙe. Saboda haka duk wata al'ada da muka ƙaga game da shigar kotu, kanta take fara faɗawa.

To, me muke gaya mata daren da za ta wayi gari ta tafi? Nan fa mashawarta kan rabu gida biyu. Akwai ɓangaren gwaggo da inna, masu cewa, "Ke, cire 'yan kunnen nan. Kada ki sa kwalli, kada ki shafa mai. Ga tsohon zanen Ladi can wanda ya koɗe, shi za ki ɗaura, ki sa silifan wanka, don alƙali ya ga irin wahalar da kika sha." Akwai kuma ɓangaren ƙawaye, masu cewa, "Wallahi ba za ki je a wulaƙance ba. Ga leshina, ga sarƙar Hajiya, a yi miki lalle yau da dare, ki fesa turare, ya gan ki ya san ya yi asara." Ita kuwa baiwar Allah tana tsakiya, gaba kura baya sayaki. In ta bi ta gwaggo, masu zaman bakin kotu su ce, "Dubi ƙazama, ai dole ya gaji da ita." In ta bi ta ƙawaye, su ce, "Ka gani ko? Ta riga ta sami wani, shi ne ya ɗinka mata." Ko wanne ta ɗauka an yanke mata hukunci tun ba ta buɗe baki ba.

Kada maza su yi murna, don nasu ya fi muni. Mutumin da duk unguwa ta san shi da gizna da hula zanna-bukar, wanda in ya fito ran Juma'a sai an waiwaya, ran da aka aiko masa da sammaci a kan kuɗin abincin 'ya'yansa sai ka gan shi cikin wata jamfa mai yagaggen aljihu, ya bar mota a gida ya hau ɗan sahu, ya zo ya durƙusa yana cewa, "Allah ya gafarta Malam, ko na cefanen yau ban bari ba." Abokansa ne suka kitsa masa, har suna yi masa kirarin wayo. Akwai kuma kishiyarsa, wanda ba shi da ko sisi, amma ya je ya aro babbar riga mai aska takwas, ya riƙo carbi mai dubu, ya jawo dattawa biyu su take masa baya, domin in matar ta ce ya doke ta, kowa ya dube shi ya ce, "Haba, wannan kamilin?" Na farko ya yi ƙarya da tsumma don ya cinye haƙƙin yara, na biyu ya yi ƙarya da ɗinki don ya binne laifinsa.

Wani zai ce, ai tufafi ba ya magana, ina shaidar zur a nan? Ni kuwa na ce in da ba ya magana, da ba a kwana ana shawara a kan wanda za a sa ba. Mutumin da ya zaɓi riga musamman domin ya sa alƙali ya gaskata abin da ba haka yake ba, me ya raba shi da wanda ya yi hayar mai shaida a bakin kasuwa? Bambancin kawai shi ne mai shaida ana iya yi masa tambayoyi, a bincika adalcinsa, a kore shi in an same shi da ƙarya. Riga kuwa ba mai yi mata tambaya. Ta shigo ta faɗi abin da aka aiko ta ta faɗa, ta fita lafiya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk wannan wasan kwaikwayo ya samo asali ne daga jahilcin shari'ar da muke tinƙaho da ita. Kotunanmu na Arewa a kan mazhabar Malikiyya suke hukunci a sha'anin aure, da littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Shaihu Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim. Bari in ɗauko abubuwa kaɗan daga cikin abin da waɗannan littattafai suka tsara, mu ga ko akwai gurbin zanen Ladi a ciki.

Na farko, barin ado. Wadda shari'a ta hana wa kwalli da turare da tufafi masu ƙawa ita ce mai takaba, wadda mijinta ya mutu, wata huɗu da kwana goma. Risala ta bayyana a fili cewa wannan bai hau kan wadda aka saka ba, balle wadda ma ba a saka ba tukuna, ta zo nema ne. To, da wace hujja muke tilasta wa mai neman saki ta yi shigar takaba alhali mijin yana zaune a gefenta da ransa da lafiyarsa?

Na biyu, tufatarwa. Sutura haƙƙin mace ce a kan mijinta, daidai da ci da sha da wurin kwana, kuma malaman Malikiyya sun ambaci ta lokacin sanyi da ta lokacin zafi, gwargwadon ƙarfin miji da matsayin matar bisa al'adar gari. Saboda haka in mace ta zo kotu da atamfa mai kyau, abin da ya fi kusa da hankali shi ne daga lefenta ne, ko iyayenta suka yi mata, ko sana'arta ta ba ta, ko kuwa shi mijin ne ya sauke nauyin da ke kansa. Mai tsallake duk waɗannan ya ce saurayi ne ya ɗinka, ya sani ya kama hanyar ƙazafi, kuma ƙazafi yana da nasa babin a cikin littattafan nan.

Na uku, cutarwa. Dalilin da ya sa gwaggo ke so 'yarta ta je cikin tsumma shi ne tana tsoron kada a tsawwala mata kuɗin hul'i. Tsoron nata gaskiya ne, amma maganin da ta kawo ba shi ne ba. A Malikiyya, matar da ta tabbatar da cewa mijinta yana cutar da ita, da duka ko zagi ko ƙaurace mata ba bisa haƙƙi ba, alƙali yana iya raba auren ba tare da ta biya ko kwabo ba. Har ma in ta riga ta biya, daga baya ta tabbatar cutarwa ce ta sa ta fanshi kanta, ana mayar mata da dukiyarta. Daɗin daɗawa, malamai sun sauƙaƙa mata hanyar tabbatarwa, sun karɓi shaidar ji, watau abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta da dangi. Ashe daren da aka ɓata ana neman koɗaɗɗen zane, da an ɓata shi ana roƙon maƙwabta biyu masu tsoron Allah su zo su faɗi abin da suke ji ta kan katanga, da ya fi mata amfani nesa ba kusa ba.

Na huɗu, iƙirarin talauci. Mijin da ya ce ba shi da halin ciyarwa, shari'a ba ta ce a duba aljihun jamfarsa ba. Ana neman waɗanda suka san halinsa su shaida, ana rantsar da shi, ana ba shi wa'adi, in ya kasa a raba. Haka kuma in an yi gardama a kan kayan ɗaki, ƙa'idar ita ce abin da aka saba na mata ne a bar wa matar da rantsuwarta, abin da aka saba na maza ne a bar wa mijin da tasa, sai in wani ya kawo shaida. Ko'ina ka duba, shaida ce da rantsuwa. Mai ƙara ya kawo hujja, wanda ya musa ya rantse, kafin a yanke hukunci kuma a yi i'izari, a tambayi wanda hukunci zai faɗa wa ko yana da sauran magana. Ban ga inda aka ce a auna yadi ba.

Yanzu sai wani mai wayo ya ce da ni, "Kai yaro ne, littafi daban, duniya daban. Alƙali mutum ne, yana da ido, kuma ido yana ruɗuwa. Wanda ya je da gaskiyarsa tsirara, abokin shari'arsa kuwa ya zo da dabara, wa zai ci?" Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu wannan al'ada ke da ita, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Amma ga amsa.

Da farko dai, dabarar ta tsufa. Alƙalin da ya shekara goma yana sauraron shari'ar aure daga Litinin zuwa Juma'a ya ga yagaggiyar jamfa ta fi a ƙirga, ya kuma san hannun da ya saba da agogo ko an cire agogon. Ga shi kuma zamani ya zo da wayar hannu. Mutumin da ya zo yau cikin tsumma, hotunansa na bikin makon jiya suna nan a Facebook da WhatsApp, da hannunsa ya ɗora su, yana liƙi a gaban makaɗi. Matar tana fito da waya, shi ke nan, ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma da zarar an kama mutum da ƙarya a riga, ko ya faɗi gaskiya a sauran maganarsa da wuya a saurare shi da zuciya ɗaya. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Sa'an nan, in har akwai alƙalin da riga ke ruɗa, to laifin nasa ne, kuma shi ya kamata mu fuskanta, maimakon mu koya wa 'yan'uwanmu mata yadda za su yi masa kwaikwayo. Wasiƙar nan da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musal Ash'ari a kan alƙalanci, wadda kowane ɗalibin shari'a ya karanta, ta umarci alƙali ya daidaita masu jayayya a wurin zama da kallo da fuska, yadda mai daraja ba zai sa ran a karkata gare shi ba, mai rauni kuma ba zai yanke ƙauna ba. Don a sami alƙalai masu irin wannan horo aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Don a sami inda za a kai kuka in ƙaramin alƙali ya karkace aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa a 1960, wadda Malam Abubakar Gumi ya shugabanta daga 1962 zuwa 1967. An karɓe kotuna daga hannun En'e da dokar 1967. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 277, ya tabbatar wa kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a hurumi a kan aure da rabuwarsa da riƙon yara. Daga 1999 zuwa 2001 jihohi goma sha biyu, Zamfara a gaba, suka faɗaɗa aiki da shari'a. Bayan duk wannan tafiya, a ce har yau abin da za mu iya ba ƙanwarmu ran da za ta je neman haƙƙinta shi ne silifan wanka? Kai, abin kunya ne.

Kuma kada 'yan boko su ɗauka sun tsira. Masu auren rajista, waɗanda dokar 1970 ta kai shari'arsu Babbar Kotu, su ma lauyoyinsu kan raɗa musu irin wannan shawara: ke sa baƙi ki sunkuyar da kai, kai kuma cire zoben nan. Su kansu lauyoyin ga su nan cikin baƙar alkyabba da hular gashin doki a tsakiyar zafin bazara, gadon Ingila, alhali a can Ingila ɗin alƙalai sun daina sa wannan hula a shari'un iyali tun 2008. Mutanen da suka ɗauki tufafi da irin wannan nauyi, ba mamaki su zaci gaskiya ma ɗinka ta ake yi.

To, in ba tsumma ba, ba leshin aro ba, me za a sa? Amsata gajera ce: mutum ya je kotu da kamannin da maƙwabtansa suka san shi da su. Ya ɗauki irin kayan da zai sa in zai je gai da surukansa, ko duba mara lafiya a asibiti, nasa na kansa, wankakke, gogagge.

Mace ta sa atamfarta ko doguwar rigarta da ta saba sawa, da hijabi ko mayafi mai kauri wanda ba za ta yini tana gyarawa ba, domin hankalinta ya tsaya kan abin da ake tambayarta. In ta saba sa 'yan kunne, ta bar abinta. In ba ta saba da sarƙar zinariya ba, kada ta aro. Ta tuna zaman kotu jira ne, ana iya kiran shari'arta da hantsi, ana iya kaiwa azahar, ana kuma iya ɗagewa a ce ta dawo bayan mako biyu, saboda haka ta sa abin da za ta iya zama da shi cikin zafi, da takalmi mai sauƙin cirewa. Mai goyo ta zo da zanen goyo na biyu da wadda za ta riƙe mata yaro in an kira ta. Mai sa niƙabi ta shirya cewa ana iya bukatar a tabbatar ita ce. Abin da ya fi duk waɗannan, jakarta ta ɗauko takardar sammaci, da takardar saki in akwai, da takardun asibiti in an ji mata rauni, da lissafin kayan ɗakinta, da sunayen waɗanda suka halarci ɗaurin aure suka san nawa aka biya sadaki.

Namiji ya sa kaftaninsa da hularsa kamar yadda yake zuwa kasuwa ko ofis. In mai hali ne, ya zo a mai hali, ya karɓi abin da aka yanka masa na abincin 'ya'yansa, domin a Malikiyya ko da riƙon yara yana hannun uwa, ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa tana wuyan uba. In talaka ne, ya zo a talaka mai tsabta, ba wanda ya taɓa cewa talauci laifi ne. Ya bar 'yan rakiya a gida, sai waɗanda za su ba da shaida.

Akwai kuma waɗanda ba a tambayarsu, su ne 'ya'ya. Yaro ɗan shekara bakwai yana gani aka tuɓe wa uwarsa 'yan kunne aka ɗaura mata zanen da ba nata ba. Yana gani ubansa ya ajiye shadda ya ɗauko rigar da yake wanke mota da ita. Ba a gaya masa kome ba, amma ya fahimci cewa ran da za a je wurin da ake rantsuwa da Alƙur'ani, ran nan ake shirya ƙarya tun daga ɗaki. Wannan yaro shi ne mai shaidar gobe, watakila ma shi ne alƙalin. Kuma Naira dubu biyar ɗin da uban ya yi nasarar ragewa da yagaggiyar jamfarsa, daga kwanon wannan yaron aka rage ta.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, wannan magana tamu ce. A gidajenmu mu ake kira a ce, "Kai da ka yi karatu, karanta mana takardar nan ta kotu." Mu ake sa wa mu raka yaya ko ƙanwa. Cikinmu akwai masu karatun shari'a da za su zauna a kujerar alƙali, akwai waɗanda za su zama lauyoyi da magatakardan kotu, akwai waɗanda nan da shekara ashirin su ne gwaggo da kawu masu ba da shawara. Mu kuma na sashen Hausa, da muke nazarin al'ada, aikinmu bai tsaya kan lissafa sunayen riguna da huluna don cin jarrabawa ba, har da faɗin inda al'ada ta karkace. Ran da aka zo gabanka ana neman tsohon zane ko aron babbar riga, ka yi ta maza ka ce a'a, ka tambaya su wane ne shaidu, ina takardu, an nemi sulhun dattawa biyu daga dangin miji da na mata kamar yadda Suratun Nisa'i ta yi umarni ko ba a nema ba. Za a ce ka cika iyayi, za a ce boko ya ɓata ka. Ka jure.

Malamaina kuma, musamman na Tsangayar Shari'a, ina roƙo da ladabi su riƙa jan kunnen alƙalan gobe a kan kallon kitse da ake yi wa rogo, su koya musu su tambayi mai yagaggiyar riga sana'arsa da abin da yake samu, su kuma hana 'yan bakin kotu yi wa mace shari'a da ido kafin a kira sunanta.

Wanda ya ga na yi kuskure, ga fili ga mai doki, shafin mujallar nan a buɗe yake, ya kawo tasa hujjar a fitowa ta gaba. Allah ya zaunar da aurarrakinmu lafiya, inda kuma zama ya ƙare, ya sa a rabu da mutunci. Wassalam.